Baƙin Sikoc a Kan Fitilar Taya

Abu na farko da idona ya tsaya a kansa ranar da na sauka Yawunde wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa a gaban sitiyarin motar kawuna. Shekarata goma sha huɗu a lokacin. An rufe makarantarmu can arewa mai nisa saboda hare-haren da suka hana kowa sakat, malamai sun watse, sai mahaifiyata ta haɗa ni da wata maƙwabciyarmu mai zuwa kudu. Muka hau mota zuwa Ngawundare, daga nan jirgin ƙasa. Kawu, yayan mahaifiyata, shi ya zo ɗaukata a tasha da safe. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Ya yi ta tambayata mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na kasa ɗaga kai, sai na kafa ido a inda allurar gudu take, wurin da a nan ake kira tablo. Da ya murɗa makulli sai ƙananan fitilu suka kama gaba ɗaya, ja da ɗorawa da kore, suka ɗan tsaya, sannan suka mutu. A cikinsu akwai wata mai kama da ƙaramar tukunya da aka tsai da muciya a tsakiyarta. Na so in tambaya ko ta mece ce, na kasa. Haka Allah ya yi ni, ina ganin komai amma bakina nauyi gare shi. Wannan halin ne ya jawo abin da zan ba ku labari. Ku yi mini uzuri, ba zan ambaci sunan kowa ba.

Gidan Kawu a Briketeri yake, a wani lungu da ƙarar kekunan ɗinki ba ta yankewa tun safe har magariba. Yadi yake sayarwa. Da can ta Bamenda yake bi ya sayo kaya, amma rikicin yankin masu Ingilishi ya sa hanyar ta gagara, sai ya koma zuwa Duwala da motarsa. Shi da matarsa, wadda nake kira Inna, sun riƙe ni da kyau, ban taɓa kwana da yunwa ba, ba a taɓa yi mini gori ba. Ni ce dai na kasa sakin jiki. Komai na garin ya ruɗa ni. Mokolo da na sani gari ne a wajenmu, a nan kuma kasuwa ce. Faransancin 'yan ajinmu gudu yake yi kamar ana kora shi, kafin in haɗa amsa a raina an wuce wurin. Kawu ya laƙaba mini suna kurma, cikin wasa yake faɗa, nakan yi murmushi in sunkuyar da kai. Kullum da safe shi yake sauke ni a lise, wato makarantar sakandare, kafin ya wuce shago, ni kuma na sami abin yi a kujerar baya: in ya murɗa makulli sai in ƙirga fitilun nan kafin su mutu. Goma ne. Ban san aikin ko ɗaya ba, amma na san wurin zaman kowace.

A jikin katangar gidanmu ta waje akwai wani tsoho mai facin taya. Daga tsallaken iyaka ya gudo da 'yarsa da jikoki uku, bayan an ƙone garinsu. Kawu ne ya ba shi wurin, ya kuma ja masa waya daga gida don injin ba da iska. Hausarsa ta Najeriya ce tsantsa, ba ya jin Faransanci ko kaɗan, takardunsa ma na ji ana cewa ba su cika ba. Ba ya kirana kurma, Hajiya ƙarama yake ce mini, kuma duk na gaishe shi sai ya tambaya yau me Nasara ya koya mana. Yana da wata al'ada: kafin ya ɗora geji a kan taya sai ya buge ta da ƙarfe ya karkata kunne, ya faɗi yadda iskarta take, sannan ya auna don mai mota ya gani. Ban taɓa ganin gejin ya ƙaryata shi ba. Duk ranar tafiya Duwala sai Kawu ya tsaya a wurinsa an zagaya tayoyin huɗu.

Wata rana fitilar tukunyar nan ta kama a hanya ta ƙi mutuwa. Kawu ya kai wa tsohon, ya duba, ya zaro ƙusa daga tayar gaba, ya yi faci, ya ba ta iska. Ba mu yi nisa ba fitilar ta ɗauke. Ranar na san cewa ta iskar taya ce. Kawu ya yi ta murna, ya riƙa ba abokansa labari a majalisa cewa motarsa ta Amurka ce, akwai malamin duba a cikinta, tun kafin taya ta kwanta yake faɗa masa. Tun daga ranar ya rage tsayawa awon iska.

Bayan wasu watanni fitilar ta zo da wani sabon hali. In an tayar da mota sai ta yi ta ƙiftawa kamar minti guda, sannan ta tsaya a kunne har a kashe. Tsohon ya buga tayoyin, ya auna, ya ce iska lafiya lau. Ya ce wa Kawu a cikin kowace taya, a gindin bakin da ake ba da iska, akwai wani ɗan ƙaramin abu mai batir da ke aika wa mota labari, ga alama na ɗaya ne ya mutu. Ya ce shi aikinsa roba da iska, wannan sai masu wayar mota. Kawu ya yi mako biyu yana tsaki duk safiya, yana cewa fitilar tana tsone masa ido kamar mai bin sa da harara.

Ranar wata Laraba, da yake rabin yini muke yi, ya ɗauko ni daga makaranta muka wuce Nkomkana wurin wani mai gyaran wayar mota. Mutumin ya ce abin da ya mutu sai an aiko da shi daga Duwala, zai ɗauki lokaci. Kawu ya ce shi yau yake son a gama, ya gaji. Sai mutumin ya yi dariya, ya ce to patoron, wato maigida, ya kwantar da hankalinsa, zai sa wa motar balis ya daidaita mata ƙwaƙwalwa. Balis ita ce na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ana haka aka kira la'asar, ruwa kuma ya sauko irin na Yawunde mai zuwa ba sallama. Kawu ya ce in zauna a mota kada in jiƙe, ya ruga masallaci. Mutumin ya shigo ya zauna a kujerar direba, ya ajiye balis ɗin a kujerar gefe. Na lura ko igiyarta bai warware ba. Ya kwance sukurori, ya zaro tablon gaba ɗaya ya ɗora a cinyarsa, ya buɗe shi, ya ɗaga fuskar a hankali. Sai ya ciro baƙin sikoc daga aljihu, irin wanda ake naɗe waya da shi, ya yanki ɗan guntu da haƙori, bai kai farcen ɗan yatsana ba, ya liƙa a wani wuri, ya danna da babban yatsa. Ya mayar da komai. Sai da ya zo gyara madubi ya gan ni. Ya ɗan yi turus, sannan ya yi murmushi ya tambaya da Faransanci ko barci yarinyar take yi. Na sunkuyar da kai. Da Kawu ya dawo aka tayar da mota, babu fitila. Kawu ya yi ta sa masa albarka, yana cewa ilimi daban ne.

Washegari na ƙirga. Tara. Na ɗauka kuskure na yi, jibi na sake ƙirgawa, tara. Wurin tukunyar baƙi ƙirin, ko a lokacin da sauran suke kamawa tare ba ta leƙowa. Nan ruɗanina ya fara. Wata zuciyar ta ce mini ai ko lokacin da take lafiya tana fitowa ta gaisa sannan ta tafi, me ya hana ta yanzu? Wata kuma ta ce ke me kika sani, wataƙila haka gyaran yake, wataƙila waya ce ta goge ya naɗe ta, ai sikoc ɗin na waya ne. Balis ɗin fa da bai taɓa ba? Wataƙila ba sai an jona ta ba, kamar yadda wayar hannu take aiki ba igiya. Na yi ta juya abin a aji har malamin lissafi ya jefe ni da alli. Babban mutum da shagonsa da kayan aikinsa ya ce ya gyara, Kawu da ya fi shekara ashirin yana tuƙi ya yarda, ni da ko keke ban iya ba ce zan ce an rufe wa fitila ido? In kuma na faɗa aka je aka tarar ba haka ba ne, na yi wa mutum ƙazafi ke nan, na kuma kunyata Kawu a garin da nake baƙuwa.

Duk da haka na gwada. Muna tsintar shinkafa da Inna na ce mata fitilar taya ta daina fitowa. Ta ce to alhamdu lillahi, ai abin da aka je yi ke nan. Na ce a'a, ko da farko ba ta fitowa. Ta ajiye faranti ta dube ni tana dariya, ta ce ikon Allah, fitilar da ta hana kawunki sukuni ta tafi, ke kuma kewarta kike yi, ko in ce a dawo miki da ita ki rataya a ɗaki? Sannan ta ce in bar sha'anin mota ga masu mota, in kula da tsakuwar da nake bari a shinkafa. Ban kai ga maganar sikoc ba. Ga Kawu kuwa sau ɗaya na buɗe baki. Mun tsaya a cunkoson Mokolo, na tattara duk ƙarfina na ce Kawu. Ya waiwayo da sauri ya ce Allahu akbar, yau kurma ta yi magana, a buga ganga, me ake so? Fuskarsa cike da fara'a, mai taksi na bayanmu yana ta danna oda. Sai na ji bakina ya ce littafin rubutuna ya cika. Da yamma ya kawo mini guda biyar.

Safiyar da Kawu zai yi tafiyar Duwalar da ba zan manta ba, ina tsaye da jakata a bakin ƙofa, tsohon ya hango kan wani sukuru a tayar baya. Ya zare shi, ya cusa igiyar faci daga waje, ya ba ta iska. Ya ce wa Kawu wannan na wucin gadi ne, ya ba shi awa ɗaya ya cire tayar ya liƙe ta ciki, don hanyar Duwala ba ta wasa ba ce. Kawu ya dubi agogo ya ce akwai mai jiran sa, in ya dawo a yi. Tsohon ya ce to don Allah Alhaji ya tsaya a rabin hanya a ɗora mata geji. Kawu ya daki gaban motar da tafin hannu ya ce Baba ka manta da malamina na ciki, in iska ta ragu shi zai fara faɗa mini. Tsohon ya ce shi dai malamin da ba ya jin motsinsa bai cika yarda da shi ba. Suka yi dariya su biyu. Ina tsaye tsakaninsu, taku biyu daga kowannensu. Kawu ya ce kurma shiga mu tafi, na shiga. Ya murɗa makulli, na ƙirga tara, ya sauke ni a ƙofar lise ya wuce.

Da na dawo gida na tarar da mata cike da tsakar gida. Tayar bayan ta fashe yana cikin gudu, motar ta juya ta faɗa rami a gefen hanya. Allah ya tsare ransa, amma ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu, haƙarƙari ma sun taɓu. Ya yi makonni a asibiti, aka dawo da shi gida yana dogara sanda.

Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna har yau. Masu zuwa dubiya suka riƙa tambayar yadda aka yi, Kawu kuma ya riƙa ba da amsa ɗaya. Ya ce da iskar a hankali ta riƙa fita, da fitila ta kama ya tsaya. Tunda har motar ta juya fitila ba ta kama ba, to facin ne ya fice gaba ɗaya a lokaci guda, aikin banza aka yi masa. Kowa ya gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da hankali. Wani ya ce dama tsohon idonsa ya fara rauni. Wani ya ce baƙi irin waɗannan ba a san abin da ya koro su ba. A shekarun nan kalma ɗaya irin wannan ta isa a zo a ɗauki mutum a tafi da shi, kowa a unguwa ya sani. Na ji da kunnena wani maƙwabcinmu yana cewa kamata ya yi a sanar da hukuma a bincika takardunsa. Ina kai musu shayi ina kwashe kofuna. Tsohon ya shigo dubiya sau biyu. Na farko Kawu ya juya fuska bango. Na biyu ya ce masa ya gode, amma ya nemi wani wurin, kuma a ranar aka cire wayar da aka ja masa. Tsohon ya ce ai ya roƙi awa ɗaya ba a ba shi ba. Kawu ya ce in tsohon ya san facin ba zai riƙe ba, bai kamata ya bar shi ya tafi ba.

Masu taksi da 'yan babur da ke tsayawa wurin tsohon sun riga sun ɗauke ƙafa. Na ga ranar da ya ɗora injinsa da bahon ruwansa a kan amalanke. Ya gan ni a bakin ƙofa ya ce Hajiya ƙarama, a yi karatu da kyau, ban da wasa. Na ce to Baba. Iyakar abin da na ce ke nan.

Kada ku ɗauka a lokacin na tabbata da gaskiyar ina ɓoyewa. Da na tabbata wataƙila da ya fi mini sauƙi. Kullum lissafin sauya mini yake yi. Yau in ce sikoc ɗin ne, gobe in ce wataƙila Kawu ne da gaskiya, facin ne ya fice. In na faɗa yanzu, tambayar farko ita ce me ya sa ban faɗa tun kafin tafiya ba, kuma ba ni da amsa. Ina kallon ƙafar Kawu a cikin filasta sai in ji kamar ni na karya ta. Na rame, sakamakona ya faɗi, Inna ta ɗauka kewar gida ce ta riƙa haɗa ni da mahaifiyata a waya.

Wata huɗu bayan haka aka dawo da motar daga wurin masu gyaran jiki. Kawu ya ce sayar da ita zai yi, tunda ƙafar ba ta taka burki. Mai saye ya zo ran wata Asabar da hantsi tare da nasa mai gyaran, wani siriri marar yawan magana. Kawu yana zaune a kujera a ƙofar gida yana yabon motar, har ya kawo labarin malamin cikinta. Siririn ya murɗa makulli bai tayar da inji ba, ya dubi tablo, ya kashe, ya sake murɗawa. Ya ce fitilar taya ba ta fito ba. Kawu ya ce ai sai iska ta ragu take fitowa. Mutumin ya ce a'a patoron, kowace fitila dole ta nuna kanta in an murɗa makulli, ta haka ake sanin tana da rai. Don ya gamsar da Kawu ya sauke iskar taya ɗaya sosai, ya zagaya layinmu da motar a hankali ya dawo. Babu fitila. Ya buɗe akwatin fis ya duba ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Sai ya ɗauko balis ɗinsa, ya warware igiyar ya jona a ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce abin mamaki, na'urar ta ce ɗan abin cikin tayar gaba ta hagu ya daɗe da mutuwa, kuma ta ce a yanzu haka da muke magana fitilar a kunne take.

Maza biyar suka cusa kai cikin mota suna kallon wuri baƙi. Wani ya ce balis ɗin ce ta ruɗe. Wani ya ce hatsarin ne ya ƙona tablon. Mai saye ya fara ja da baya. Sai maƙwabcinmu, wanda ya fara kawo maganar hukuma, ya ce ai ba sai an wahala ba, tsohon nan ne ya lalata komai da ƙarafansa tun lokacin da yake taɓa tayoyin, Allah kaɗai ya san me kuma ya yi wa motar. Ina tsaye da tiren ruwa. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, kuma ban jin na yanke. Na dai ji muryata, ƙarama, tana cewa akwai baƙin sikoc a bayanta. Ba wanda ya ji sai siririn. Ya ce in sake faɗa. Na sake, na ƙara da cewa a gefen hagu, ƙasa da allurar gudu.

Ya kwance tablon a gaban kowa. Guntun sikoc ɗin yana nan inda aka danna shi, har da alamar haƙori a gefensa. Ya ɓare shi da farce, ya mayar da tablon, ya murɗa makulli. Tukunyar ta fito ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya. Maƙwabcin ya ce yana da wani uzuri ya tafi. Kawu ya dube ni ya tambaya tun yaushe na sani. Na ce tun ranar ruwan nan a Nkomkana, ina kujerar baya. Can ya ce, da littafin rubutun nan, maganar ke nan? Na gyaɗa kai. Ya dafe goshinsa. Bai sake kirana kurma ba daga ranar, kuma wallahi da ya ci gaba da kira da ya fi mini daɗi.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a lise, kuma har yau akwai abin da ban gane ba. Siririn ya bayyana wa Kawu cewa gefen tayar da ta fashe ya nuna ta daɗe tana gudu da ƙarancin iska har ta yi zafi, wato a hankali ta riƙa saki, abin da geji a rabin hanya zai kama. Ya kuma ce ko da ba a liƙe fitilar ba, tunda dama a kunne take saboda ɗan abin da ya mutu, ba lallai ta nuna masa wani sabon abu ba. Na yi ta tunanin wannan. To laifin na wane ne? Na mai sikoc, ko na Kawu da ya hana awa ɗaya, ko nawa? Abin da na iya kamawa shi ne, lokacin da fitilar take damun Kawu ya san ba abin dogaro ba ce, da zai tsaya a auna masa. Da aka rufe ta sai ya ɗauka yana da mai gadi, alhali ba kowa a ƙofar. Ni kaɗai na ga an sallami mai gadin.

Don haka nake roƙon masu mota, in kun murɗa makulli ku ɗan dakata kafin ku tayar da inji, ku dubi fitilun. Wadda ba ta fito ba ku bincike ta kamar yadda za ku binciki wadda ta ƙi mutuwa. In mai gyara ya kashe muku fitila, ku tambaye shi me ya canza, ya nuna muku tsohon da ya cire. Kuma komai wayon mota kada ya hana ku ɗora geji kafin doguwar tafiya. 'Yan uwana masu kunya irina kuwa, ba sai kin tabbata kafin ki yi magana ba. Ni jira na yi sai na gane komai tukuna, ban kuwa gane ba har aka yi ɓarna. Da na faɗi abin da na gani kawai, na bar manya su yi lissafinsa, da ya isa. Iyaye ma, in yaron da ba ya magana ya kira sunanku, ku rage dariyar ku ji ƙarshen maganarsa.

Sai da muka yi mako uku muna tambaya kafin aka ce an ga tsohon a unguwar Madagaskar. Kawu ya ce ba aike zai yi ba, da ƙafarsa zai je, na ce zan bi shi, bai hana ni ba. Muka same shi a rumfar wani, yana yi masa aiki, yana ba babur iska da famfon hannu. Injinsa yana gefe an rufe da buhu, ba wutar da zai jona. Ya rame ƙwarai. Kawu ya jingina sandarsa ya faɗa masa komai a gaban mutanen wurin, ya ce ya zalunce shi, ya dawo katangar tana nan, za a mayar da waya yau ɗin nan. Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya yafe tun ranar da ya ɗora kayansa, amma ba zai koma ba, don ba zai iya zama yana gaisawa da mutanen da suka yi shawarar kira masa hukuma ba. Kawu ya yi ta roƙo, tsohon ya ce a'a, Alhaji ya bar shi a nan. Sannan ya juyo ya gan ni a bayan Kawu, fuskarsa ta saki, ya ce a'a, har da Hajiya ƙarama aka wahalar, Allah ya yi miki albarka da kika fito da gaskiya. Kawu ya faɗa masa ni na tona, amma bai faɗa masa tun yaushe na sani ba. Na durƙusa a gaban bahon ruwansa, gwiwata cikin laka. Na ce Baba don Allah ka janye albarkar nan tukuna. Na roƙe shi ya ajiye famfon ya ba ni minti biyar, in faɗa masa abin da na gani da ranar da na gan shi, da inda nake tsaye safiyar da ya roƙi awa ɗaya, in ya gama ji sai ya duba ko zai iya yafe mini ni kaɗai, ba a cikin yafiyar Kawu ba.